Rasuwar Malam Mai Keke: me kuke tunawa da shi, kuma me ya kamata mu yi?

Bakabe_a_Kaduna:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'ar wannan zaure, musamman waɗanda suka yi firamare a ƙauyukan bakin gulbi tsakanin Argungu da Augie, Allah ya yi wa Malam Mai Keke rasuwa daren jiya bayan isha'i, an kai shi makwancinsa yau da hantsi. Ban rubuta sunansa ba don ban nemi izinin iyalinsa ba, amma duk wanda ya zauna ajinsa ya san wa nake nufi, mai baƙin Raleigh ɗin nan da yake ɗaure ƙafar wando da roba kada sarƙa ta ci. Ƙanena ne ya bugo min ina cikin shago, wallahi sai na rasa abin da zan ce wa mai saye, na zauna kan buhu kawai. Mutuwa kam kowa zai ɗanɗana, abin da ya tsaya min a rai shi ne da na yi lissafi rabona da in taka ƙofar gidansa ya fi shekara goma, alhali duk sallah ta bakin layinsu nake wucewa. Mutumin da ya kama hannuna ya koya min riƙon fensir. To tambayata biyu ce. Me kuke tunawa da shi? Sannan mu da muka ci moriyarsa me ya kamata mu yi yanzu, ko addu'a ce kawai ta rage mana?

Sarkin_Yawo:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Malam ya sa ya huta, ya ba iyalinsa haƙuri.

Maman_Biyu:
Wayyo Allah Malam. Ni farce nake fara tunawa. Kowace Litinin a asambule sai mun miƙa hannu ya bi layi ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, farce, haƙora, bayan kunne, in ya ga datti ba zai ce komai ba sai dai ya nuna maka randar da ke gindin darbejiya. Har yau in zan yanke wa yarana farce ranar Lahadi da dare sai ya faɗo min a rai. Amma babban abin da ya yi min shi ne ranar da aka ce za a cire ni daga aji shida saboda an kawo kuɗin gaisuwa. Sau uku yana zuwa wurin Baffana, na ukun ya zo da limamin garin. Ban san me suka tattauna a zaure ba, mu dai muna laɓe a bayan zana ni da yayata, sai muka ji Baffa ya ce to a bar ta ta yi jarrabawar. Yau ni ungozoma ce, shekarata goma sha tara ina karɓar haihuwa. Kuma ni ma Yaya Bakabe laifinmu ɗaya, sau ɗaya na je gaishe shi tun da na yi aure.

Ɗan_Gulma:
Allah shi jiƙan Malam shi sa aljanna ta makoma. Ni abin da ba ni mantawa shi na ranad da yaz zaka hwadama nemana. Lokacin shinkahwa ta hwara nuna, tsohona ya ce babu wata boko sai an yanke, kullum tun assalatu ina bisa rumhwa da gwangwani ina koran jan baki. Kwana biyat ban leƙa makaranta ba. Rana ta shidda sai ga Malam ya jingine keke bakin hanya ya naɗe wando har gwiwa ya ratso laka. Ni na ɗauka kashina ya bushe. Amma bai ko dube ni ba, yaz zauna bisa kunya shi da tsoho sunka yi ta hirar ruwan bana da tsadar taki awa ba abin da yak kawo shi, sai da za shi tashi yac ce mai, ka ba ni yaron ga da sahe, ni kuma Asabar da Lahadi in turo maka ɗiyana biyu su kama maka yanka har a ƙare. Kuma wallahi ya turo su. Sati ukku suna zuwa da laujensu. Tsoho kunya ta kama shi, tun daga ranan bai sake hana ni zuwa ba ko da tsuntsu za shi cinye gonad dut.

Tsohon_Hedimasta:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta min, ni idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen waya. Marigayi abokin aikina ne, tare muka shiga koyarwa lokacin UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, shekarar da aka raba jihar Arewa maso Yamma muka zama jihar Sakkwato, tun babu maganar Kebbi, ita sai a 1991. Ku ba ku san yadda abin yake ba a lokacin. Gwamnati ta ce kowane yaro ɗan shekara shida ya shiga makaranta kyauta, yara suka cika ko'ina, azuzuwa ba su isa ba, malamai ba su isa ba, aka yi ta ɗibar matasa ana turawa kwalejojin horon malamai su yi Grade II. Babu takardar haihuwa a ƙauye, sai mu ce yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen, in ya taɓo ya isa shiga. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a bishiya. Allon bango in ya koɗe da baƙin garin da ke cikin tsohon batir muke shafe shi. Kuma kowane dare sai ka rubuta lesin not a gaban fitilar ƙwai, don ba ka san ranar da sufeto zai diro da babur ba.

Abin da zan shaida a kansa gaban Allah shi ne, sau biyu ana so a ɗauke shi daga aji a kai shi ofis yana ƙi. Ba ma aji shida yake so ba, aji ɗaya, wurin masu majina da kuka. Ya ce min in yaro ya ƙi jinin makaranta a shekararsa ta farko ba mai iya gyara shi a ta shida. Ni na zama hedimasta a kansa alhali ya fi ni sanin aiki, kuma bai taɓa nuna min ko a fuska ba. Shekara 35 cif ya yi ya ajiye alli.

Ɗalibar_Kimiyya:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma ina da tambaya, UPE ba ita ce wadda Obasanjo ya zo Sakkwato ya ƙaddamar ba? Na ɗauka 1999 ne aka koya mana.

Malam_Tarihi:
@Ɗalibar_Kimiyya kin haɗa biyu ne ƙanwata. Ta Sakkwato UBE ce, shirin ilimin bai-ɗaya na matakin farko, 1999, yana farar hula. UPE kuwa 1976 yana soja. Mutum ɗaya ne ya yi duka shi ya sa ake rikicewa. Baba Hedimasta daidai ya faɗa. Kuma tunda an taɓo tarihi, yaran yanzu da ke raina aikin koyarwa su sani Shehu Shagari kansa ya yi hedimasta a nan Argungu farkon shekarun 1950 kafin siyasa ta ɗauke shi. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa a Bauchi, Malam Aminu Kano ya riƙe kwalejin horon malamai ta Maru da ke Zamfara yanzu. Ko gwamnan da aka zaɓa mana a 2023, Nasir Idris, daga shugabancin ƙungiyar malamai ta NUT ya fito. Daga gaban allo ake fitowa a riƙe ƙasa.

Sarkin_Yawo:
Malam Tarihi waɗannan ai waɗanda suka bar allon ne suka yi suna. Wanda ya tsaya a gaban allon shekara 35 fa, me ya samu in ba keke ba?

Direban_Tirela:
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba za ku so ji ba. Allah ya gafarta masa, amma ni ba haka na san shi ba. Ni bahago ne, haka Allah ya yi ni. Tun daga aji ɗaya duk ranar da ya ga fensir a hannuna na hagu sai ya sa rula ta gefen kaifi ya buga min a gaɓoɓin yatsu, wai hagu ta shaiɗan ce. Da dama kuma rubutuna kamar tsakin kaza, sai a sake dukana don rubutu bai yi kyau ba. Abin ya kai in na hango kekensa daga nesa cikina ke murɗawa. A aji huɗu na gudu na bi motar Jega na zama yaron mota, ban sake komawa ba. Alhamdulillahi ina da rufin asiri, ina da tirela tawa ta kaina, amma har yau in an miƙo min takarda a boda in cike sai gumi ya karyo min. Kowa na ta cewa ya gyara shi, to ni dai a hannunsa karatuna ya tsaya.

Abu_Hafsa:
Haba ɗan'uwa, mutum ko kwana ɗaya bai yi a kabari ba. Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Ka goge wannan don Allah.

Direban_Tirela:
Malam ina zagi a nan? An tambaya me muke tunawa na faɗi nawa.

Maman_Biyu:
Gaskiya kada ya goge. Ni na tuna shi ma, can baya yake zama kusa da taga, kullum hannunsa cikin riga. Ba mu san abin da ke damunsa ba muna ta yi masa dariya. Ka yafe mana mu ma.

Ɗan_Gulma:
Zamanin na hakanan. Wa ad da uban da za shi zo makaranta shi ce don mi anka bugi ɗana? Uba shi ka kawo ka da kainai shi ce Malam nama naka ƙashi nawa. Ni ma na sha tsumagiyat tsamiya kan jadawalin bakwai, har gobe in an ce bakwai sau takwas sai na ji bayana ya motsa. Ba ni cewa daidai na, amma ba Malam ɗai ba na.

Tsohon_Hedimasta:
Ɗana direba, ban san ko wanene kai ba amma na san irin abin da kake faɗi, kuma ni ma na yi shi. Haka aka koya mana, haka muka tarar. Daga baya da muka je kwas na NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, aka yi mana bayanin cewa bahago ba ya da wata matsala, tilasta shi ne ke rikita shi, wallahi a hanyar dawowa marigayi bai yi magana ba har muka iso. Ba na ce wannan ya biya ka ba.

Ɗan_Zuru:
Jama'a sannunku da rashi. Ni Kirista ne, Badakkare daga Zuru, aiki ya kawo mahaifina ƙaramin asibitin garin muka zauna shekara biyar. Lokacin darasin addini Malam bai taɓa tilasta min zama ba, sai ya ba ni lissafi in je gindin bishiya in yi, in an gama ya duba. Da aka yi wa Babana canjin wurin aiki saura wata huɗu mu rubuta jarrabawar shiga sakandare, Malam ya ce a bar ni a gidansa. Da asuba zai bubbuga ƙofar zaure ya tashi yaransa salla, ni ya ce in ci gaba da barcina. Amma ranar Lahadi ni kaɗai yake tasa, ya ce tashi kada ka makara, iyayenka amana suka ba ni ba zan mayar musu da kai ba ka zuwa ibadarku ba. Ya ɗora ni a bayan keken nan har cikin gari ya ajiye ni kusa da coci, ya wuce kasuwa, in an tashi ya dawo ya ɗauke ni. Mamata har ta rasu duk Kirsimeti sai ta aika musu da shinkafa da kaza, su kuma layya ba ta wuce mu. In za a yi wani abu a sa sunana a farko.

Hajiyar_Kamba:
Allah sarki. Wannan labarin ya sa ni hawaye a cikin mutane.

Jikan_Masunta:
Ni ambaliyar 2010 nake tunawa, wadda ruwa ya taso ta gulbin Rima ya cinye gonaki da gidaje. Kowa na ta kwashe buhunan hatsi da awaki, sai ga Malam a cikin kwalekwalen kawuna ɗauke da rajistocin makaranta naɗe cikin leda a kansa, ruwa har ƙirji kafin ya hau. Kawu ya ce Malam takarda kuma? Ya ce sunayen 'ya'yan mutane ne a ciki. Lokacin saura kaɗan ya yi ritaya fa. Albarkacin rajistar nan yayana ya samu shaidar gama firamare da ya tashi neman aiki.

Autar_Malam:
Assalamu alaikum. Wata ƙawata ce ta turo min ta ce in shigo in ga abin da ake faɗa a kan Baba. Na karanta duka tun daga sama, na yi kuka na yi dariya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Amma akwai wadda ba wanda ya ambata, kuma in ban faɗa ba ban yi mata adalci ba, ita ce Inna.

Albashin Baba ba ya kai goma ga wata. Ba don yana ɓarna ba, ko goro bai ci. Wannan ya zo ba kuɗin yunifom, wancan ba kuɗin jarrabawa, wani uwarsa ba lafiya. Akwai shekarar da yara bakwai waɗanda ba 'yan gidanmu ba suke kwana a zaure suna ci daga tukunyarmu. To wa kuke zato ke cika tukunyar? Inna ce da gumi. Ta sayo shanshera bashi, ta jiƙa, ta turara a rabin duro tun kafin kiran assalatu, ta shanya a tsakar gida muna korar kaji, a kai inji, ranar kasuwa ta aika a sayar kwano kwano ta biya bashin ta sake ɗauko wani. Sama da shekara talatin tana cikin hayaƙin nan, yanzu idonta ɗaya ba ya gani sosai. @Ɗan_Gulma yaran nan biyu da aka turo muku yanka yayyena ne, kuma ba gonarku kaɗai ba ce. Su dawo jikinsu duk ƙaiƙayi, Inna ta dafa ruwa ta gasa musu tana faɗa ƙasa ƙasa. Ba zan ɓoye muku ba, muna yara mun ji haushin ɗaliban Baba. Akwai sallar da ba a yi mana ɗinki ba saboda an biya wa wani kuɗin mota zuwa makarantar kwana.

Amma kuma uba ne da ban taɓa jin ya ɗaga wa Inna murya ba. In ya dawo daga makaranta shi ke ɗebo mata ruwa a jarka biyu a bayan keken, mutane na yi masa dariya wai mijin ta ce. Bayan magariba ya zauna a zaure da mu da yaran unguwa a yi Ahalari, bayan isha'i ya kunna rediyo ya ɗauko jan biro. In liman ba ya nan shi ke jan salla a ƙaramin masallacinmu, Litinin da Alhamis kuwa ba a ɗora masa abincin rana. Daren da zai rasu ya sa aka kira ta ya ce ta yafe masa, duk alherin da mutane ke cewa ya yi da guminta ya yi shi. Ta ce masa Malam ka yi shiru ka yi salati.

Ɗan_Gulma:
Innalillahi. Ƙanwata wallahi ban taɓa tunanin wanga gehen ba, shekara nawa ina ba da labarin ga ina jin daɗi. Ki gaishe min da yayyenki, ki ce ɗan mai gonab bakin gulbi na neman gahwara. Buhu biyu na bana na Inna na in Allah ya kai mu yanka.

Bakabe_a_Kaduna:
Auta Allah ya ba ku haƙuri. Ni ina cikin bakwai ɗin nan ko ba a faɗa ba, zango biyu na yi a zaurenku. Ina cin tuwon ban taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba. Yanzu ina ganin tambayata ta biyu ta samu hanya.

Lauyan_Talakawa:
Kafin a yi nisa, Auta haƙƙinsa na ritaya fa? An biya garatuti?

Autar_Malam:
An ba da wani kaso, saura ana ta cewa fayil na kan hanya. Ya yi ta zuwa tantancewa da sandarsa har ƙafa ta gaza, daga baya ya ce a bari in rabonsa ne zai zo.

Lauyan_Talakawa:
To wannan yanzu haƙƙin magada ne, ba a barinsa. Ku adana takardar ɗaukarsa aiki, ta ƙarin girma ta ƙarshe, ta ajiye aiki, da shaidar rasuwa, kada ku ba kowa na asali sai kwafi. Zan bi muku ba ko sisi. Abin takaici a 2022 an sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malamai 65 ko shekara 40 a bakin aiki, ana ta murna, ni kuwa na ce ƙarin shekaru ba shi ne ciwon ba, a biya wanda ya gama tun yana iya taunar naman.

Sarkin_Yawo:
Ai shi ya sa na ce me ya samu. Kowace 5 ga Oktoba a taru a yi ranar malamai a sha lemo a watse. Ni ɗana ya ce min NCE, karatun zama malami, zai yi a Kwalejin Adamu Augie na ce ya sake tunani. Kuma in za a faɗi gaskiya waɗanda suka riƙe fayil ɗin nan mun san su, su ma wani malamin ne ya koyar da su.

Mai_Kula_da_Zaure:
Don Allah kada a kama sunan kowa ko wani ofis, ba a buɗe wannan don siyasa ba. Wanda ya saka zan cire. A koma kan maganar Malam.

Ɗalibar_Kimiyya:
Kawu Sarkin Yawo ni NCE ɗin nake yi kuma da son raina na zaɓa. In kowa ya hana ɗansa wa zai koyar da jikokinku? Ku bar yaron ya yi abin da yake so.

Injiniya_BK:
Shawarata a haɗa kuɗi a yi famfon burtsatse a makarantar da ya fi daɗewa, sadaka mai gudana, yara su sha mutanen gari su sha. Ko a gyara ajin ɗaya ɗin da ya rayu a ciki, na wuce bara rufin kwanon duk ya yaye. Ni zan yi awo da kiyasi kyauta.

Abu_Hafsa:
Madalla da wannan. Hadisi ya tabbata cewa in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Malam ya riga ya samu na biyu da na uku in sha Allah, mu cika masa na farko. Amma ina jan hankali kada a kwashe kuɗin a kai wajen taron uku da bakwai da arba'in, ba su da asali.

Hajiyar_Kamba:
To fa, an fara. Malam Abu Hafsa mu haka muka tashi muka ga iyayenmu da malamanmu suna yi, a taru a sauke Alƙur'ani a yi addu'a a raba waina, mene ne laifi a ciki? Shi kansa marigayin yana zuwa in an yi.

Abu_Hafsa:
Hajiya addu'a ba wanda ya hana, ƙayyade ranar ne ake magana.

Maman_Biyu:
Ku dakata don Allah, wannan gardamar ta girmi kowa a nan kuma ba yau za ta ƙare ba. Iyalinsa su suka san abin da za su yi. Ni dai ina ganin kun tsallake abin da Auta ta faɗa. Baiwar Allah tana zaune cikin takaba wata huɗu da kwana goma, ba fita ba sana'a, ido ɗaya na ciwo, mu kuma muna maganar siminti da famfo don a rubuta suna a jiki. Famfo zai jira. A fara kai ta a duba idon nan, in yanar ido ce aiki ne da ake yi a warke, sannan a tsaya mata da abinci. Wadda ta ciyar da mu tana raye, kada mu sake yin abin da muka yi wa mijinta.

Injiniya_BK:
Anti ba don suna na faɗa ba wallahi. Amma na yarda a fara da Inna. Sai dai ina tsoron in ba a yi ginin yanzu da zuciya ke da zafi ba, bayan wata biyu kowa zai watse, na ga irin haka sau da yawa.

Autar_Malam:
Na karanta wa Inna wasu daga ciki. Ta ce ita ba ta bin kowa bashi, a gyara ajin. Amma ni 'yarta ina cewa a duba idon, kada ku biye mata. Sannan ta ce in tambayi direban nan ko shi ne ɗan gidan masu saƙar taru, wai akwai yaron da Baba ya je nema tashar Jega har sau biyu bai same shi ba. Ni ban san zancen ba, ba a haife ni ba lokacin. Ko kai ne ko ba kai ba ne Yaya, ina roƙa masa yafiya.

Direban_Tirela:
Ba ni ba ne, mu gidanmu mahauta ne. Ashe ba ni kaɗai na gudu ba kenan. Ƙanwata ki ce wa Inna na yafe tun ba yau ba, na faɗa ne don malaman yanzu da ke cikin zauren nan su ji, har gobe akwai masu dukan bahago. Tuwonta kuma na ci sau ɗaya ranar da aka tsare mu share fili, ban manta ba. In an tashi gyaran ajin yashi da bulo a bar min ɗaukarsu.

Jikan_Masunta:
Wai keken yana nan kuwa?

Autar_Malam:
Yana nan jingine a zaure, taya ɗaya ba iska. Yayana babba ya ce ba mai taɓa shi, ƙaramin kuma yana so ya gyara wa ɗansa ya riƙa zuwa makaranta da shi. Tun jiya suke wannan.

Malam_Tarihi:
Da a kai shi gidan tarihi na Kanta a ajiye kusa da kayan yaƙin Kabawa. Wasa nake amma ba wasa ba.

Ɗan_Zuru:
A bar yaron ya hau abinsa, ni na san bayan keken nan ya saba da ɗaukar 'yan makaranta. Yanzu dai ina za a tura kuɗin, kuma na ido ne ko na aji? Ban gane inda aka tsaya ba.

Mai_Kula_da_Zaure:
Ba a tsaya ba tukuna. Kada kowa ya saka lambar asusu a nan, kun san 'yan damfara ba sa barci. Sai an je an zauna da yayyen Auta da Baba Hedimasta.

Bakabe_a_Kaduna:
Ni zan taso Juma'a bayan masallaci in kwana Birnin Kebbi, Asabar da safe in wuce ta'aziyya. Akwai wurin mutum uku a motata. Maman Biyu in kina da hutu ki zo ki ga idon da kanki kafin mu yanke magana. Wa ya san ko hanyar bakin gulbi tana biyuwa yanzu, ko sai an zagaya?